Yadda za ka sarrafa manyan bayanan taswira da ƙaramar kwamfuta a Damagaram

Ɗaliban labarin ƙasa na Jami'ar André Salifou ta Zinder da ma'aikatan ƙungiyoyin da ke aikin gona da kiwo a jihar nan sun yi ta maimaita mini tambaya guda: "Malam, na sauke hotunan tauraron ɗan'adam, na buɗe su a QGIS, kwamfuta ta sandare. Sai na sayi wata ke nan?" Galibi amsar ita ce a'a. Matsalar a jerin aikin take. Mai rumbu ba ya kwashe hatsinsa duka ya zube a tsakar gida don tuwon dare, tiya biyu yake auna ya rufe. Abin da ke biye hanya ce ta auna daidai abin da kake buƙata, ka rage shi tun kafin ya iso gare ka, sa'an nan ka sarrafa shi gutsure-gutsure.

Misalin da za mu bi shi ne auna koren gonaki a kowace komin ta gundumar Mirya a ƙarshen damina, da ƙirga gine-ginen birnin Zinder. In ka kama wannan, sauran ayyuka sauya suna ne kawai.

1. Yi lissafin nauyi kafin ka taɓa intanet

Ɗauki biro. Sentinel-2, tauraron shirin Copernicus na Turai, yana rarraba hotonsa falle-falle, kowane falle kusan kilomita 110 tsawo da 110 faɗi. Kowane falle yana da bandi da yawa, wato hoto dabam na kowane launin haske. Huɗu daga ciki (B02, B03, B04, B08) suna da ɗigo, wato ƙwayar hoto, mai mita 10, wato ɗigo 10,980 sau 10,980, sama da miliyan 120 a bandi guda. In aka warware shi a RAM, bandi ɗaya ya kai wajen mega 240. Cikakken falle na matakin L2A, wato wanda aka gyara masa tasirin sararin sama, kuwa, idan ka sauke shi da dukkan kayansa, yakan kusanci giga guda.

Jihar Zinder ta haura murabba'in kilomita 155,000. Ba za ka rufe ta da ƙasa da falle 16 ba, kuma da yake iyakarta ba miƙaƙƙiya ba ce, a aikace sun fi haka. Ce 20 ne, kana son kwanaki shida a damina guda: giga 120. Ninka da kuɗin giga a forfen da kake saye, za ka ga dalilin da ya sa wannan matakin ya zo farko.

Sai ka tambayi kanka ko mita 10 ɗin ma dole ne. In aikin ruwan sama ne, tarin bayanan ruwan sama na CHIRPS ya ishe ka, ɗigonsa wajen kilomita 5, kuma yana da bayanai tun 1981. Kwatanta shekaru masu nisa na tauraron Landsat ne, mita 30. Ɗigon mita 30 ya fi na mita 10 sauƙin nauyi sau tara, ba sau uku ba.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Manhajojin duka kyauta ne, ko dala ba za ka biya ba: QGIS, manhajar taswira (ɗauki fitowar LTR, ta fi zama daram), GDAL, tarin umarnin sarrafa fayilolin taswira wanda yake zuwa tare da shi, da DuckDB don manyan teburori. A Windows, umarnin GDAL ana buga su ne a baƙar tagar nan da ake kira OSGeo4W Shell.

Kwamfuta mai RAM giga 8 tana yin duk abin da ke cikin wannan jagora. In kana da ɗan kuɗi, ga yadda ni zan kashe shi: SSD tukuna, domin tsohon disk mai juyawa shi ne ke cinye lokaci a irin wannan aiki, sai ƙarin RAM zuwa 16, sai disk na waje don ajiya. Mai kwamfutar tebur ya sa ondilar a sahun gaba, don ɗaukewar kuran a tsakiyar rubuta fayil yana barin fayil ɗin da girmansa amma cikinsa a lalace.

Gargaɗi: a zafin Afrilu da Mayu, kwamfutar cinya da ke kan katifa ko tabarma za ta rage gudunta da kanta ko ta mutu. Ɗaga ta a kan littattafai biyu iska ta bi ta ƙasa, ka busa ƙurar hunturu daga fankarta, ka bar dogon aiki sai dare.

3. Tsara dosiye, tsayar da ma'auni guda

Buɗe dosiye uku: danye, aiki, sakamako. Abin da ka sauke yana zama a danye, ba a taɓa shi. Sunayen dosiye da fayil su kasance babu tazara, babu é na Faransanci, babu ƙ ko ɗ. Na san abin da zafi ga mai kishin harshe, amma wasu umarnin suna tuntuɓe a kansu ba tare da sun faɗa maka dalili ba.

Tsarin ma'aunin Zinder shi ne UTM 32N, lambarsa EPSG:32632, ya rufe daga digiri 6 zuwa 12 na gabas. Yamai tana 32631. Wanda ya gangara gabas ya wuce digiri 12 wajen Diffa ya shiga 32633.

Gargaɗi: fayil ɗin da ke EPSG:4326 ma'auninsa digiri ne. In ka lissafa faɗin gona ko ka zana kewayen mita 500 a kansa, lambar da za ta fito ba ta da ma'ana. Kuma QGIS yana jera shimfiɗu masu ma'auni daban-daban a kan allo kamar sun dace, ganin ido ne kawai, fayilolin ba su sauya ba. Sauya su da kanka:

ogr2ogr -t_srs EPSG:32632 -makevalid aiki/mirya.gpkg danye/mirya.shp

Iyakokin gundumomi da komin-komin na Nijar ana samun su a HDX, shafin bayanan ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya. In aikin na hukuma ne, nemi na IGNN, hukumar taswira ta ƙasar Nijar.

4. Rage bayanan tun suna can

Nan ne ake cin riba ko a yi asara. Hanya uku ce, zaɓi gwargwadon rezo ɗinka.

Ta farko, Google Earth Engine. Lissafin duka a injinansu yake gudana, kai sakamako kawai kake ɗaukowa. Kyauta ne ga bincike da karatu bayan ka yi rajista, aikin kasuwanci kuma biya ake yi. Ka ɗora iyakar Mirya, ka zaɓi tarin COPERNICUS/S2_SR_HARMONIZED, ka tace kwanaki da gajimare, ka yi amfani da reduceRegions ya ba ka matsakaici na kowace komin. Abin da zai fito tebur ne na ƴan kilo, ko da rezo mai rarrafe zai sauka. In amsar da kake nema lamba ce, kada ka sauke hoto sam. Illarsa ita ce sai da intanet a kowane gwaji, kuma sai ka koyi ɗan rubutun JavaScript ko Python.

Ta biyu, karanta hoto daga nesa. Akwai rumbunan da ke ajiye Sentinel-2 a tsarin COG, wato fayil ɗin hoton taswira na GeoTIFF da aka jera cikinsa akwati-akwati, ta yadda GDAL zai ɗebo gefen da kake so kawai. Ka sa /vsicurl/ gaban adireshin fayil ɗin a cikin gdalwarp, umarnin GDAL na yanka hoto, sai ya janyo yankinka ya bar saura. Bandi biyu na gunduma guda ba su kai rabin rabin cikakken falle ba.

Ta uku, sauke cikakken falle daga Copernicus Data Space Ecosystem, wanda ya maye gurbin tsohon rumbun a 2023. Ita ce mafi tsada, amma abin da ka sauke ya zama naka, kana aiki ko babu rezo. In ku biyar ne ke aiki a yanki guda, mutum ɗaya ya sauke, saura su kwafa ta disk.

Gargaɗi na musamman ga mu ƴan Zinder: layin digiri 9 na gabas ya bi ta gefen birnin, kuma daidai nan ne fallaye biyu suke haɗuwa. Suna hawa kan juna da kusan kilomita 10, don haka tsakiyar gari yana iya fitowa a falle na yamma alhali garin Mirya yana na gabas. Ɗora iyakarka a kan taswirar fallayen ka gani kafin ka danna.

Zaɓen rana ma rage nauyi ne. Tauraron yana dawowa kusan kowane kwana biyar, amma a Agusta hadari yakan rufe rabin hotunan. Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba sama ta fi washewa, sai dai in ka makara an fara girbi. A hunturu kuma lambar gajimare tana iya cewa sifili alhali hazo ya dusashe komai, don haka buɗe ƙaramin hoton dubawa ka kalla da idonka.

5. Haɗa fallaye ba tare da ka kwafe su ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne danna maɓallin haɗe hotuna ya haifar da ƙaton fayil na giga goma. Yi amfani da VRT, wanda ƙaramar takarda ce mai nuna inda kowane falle yake, nauyinta bai kai hoton waya ba:

gdalbuildvrt aiki/b04.vrt danye/*B04_10m.jp2

gdalbuildvrt aiki/b08.vrt danye/*B08_10m.jp2

Sai ka yanka daidai iyakarka:

gdalwarp -cutline aiki/mirya.gpkg -crop_to_cutline -dstnodata 0 -multi -wo NUM_THREADS=ALL_CPUS -co TILED=YES -co COMPRESS=DEFLATE aiki/b04.vrt aiki/b04_mirya.tif

Maimaita wa B08. TILED yana jera fayil ɗin akwati-akwati, COMPRESS yana matse shi ba tare da an rasa ko lamba guda ba. Bayan kowane umarni buga gdalinfo a kan abin da ya fito, ka tabbatar bandi biyun suna da girma ɗaya da ma'auni ɗaya.

Gargaɗi: VRT nuni ne kawai. In ka matsar da dosiyen danye ko ka cire disk ɗin waje, ya zama fanko. Kada kuma ka zuba hotunan ranaku daban-daban a dosiye guda ka haɗa su da alamar tauraro, domin na ƙarshe zai danne na farko shiru. GeoTIFF na gargajiya ba ya wuce giga 4, in aikinka zai haura ƙara -co BIGTIFF=YES. Kile mai tsarin FAT32 ita ma ba ta karɓar fayil ɗin da ya kai giga 4.

6. Cire gajimare, sa'an nan ka lissafa

Kowane falle na L2A yana zuwa da shimfiɗar SCL mai lakabta kowane ɗigo. Lamba 3 inuwar gajimare ce, 8 da 9 gajimare, 10 siririn gajimare na can sama. SCL mita 20 ne, sai ka mayar da shi 10 da gdalwarp -tr 10 10 -r near, da iyakar yanka iri ɗaya da ta sauran. Kalmar near ɗin nan dole ce: lambobin lakabi ne, in ka bari aka yi musu matsakaici, tsakanin 4 da 8 zai haifi 6, wato ruwa, a tsakiyar jigawa.

Ma'aunin kore, NDVI, shi ne B08 (hasken da ido ba ya gani, wanda koren ganye ke mayarwa da yawa) a cire B04 (jan haske), a raba da jimlarsu. Tarko biyu ne a nan, kuma dukansu ba sa kuka, taswira mai kyan gani suke ba ka.

Na farko: tun 25 ga Janairun 2022 an ƙara 1000 a kan lambobin kowane bandi na Sentinel-2. In ba ka cire ba, NDVI ɗinka zai yi ƙasa, kuma in ka kwatanta 2021 da 2023 sai ka rantse an yi fari. Tarin HARMONIZED na Earth Engine an riga an gyara shi, kada ka cire sau biyu. In daga wani rumbu ka ɗauko, karanta takardar bayaninsa.

Na biyu: bandin suna ajiye ne a lambobin da ba su san ƙasa da sifili ba. A kan ruwa, inda B04 ya fi B08, ragin zai kewayo ya zama dubu sittin da wani abu. Mayar da su lambobin float, masu karɓar ƙasa da sifili, kafin ragi:

gdal_calc.py -A aiki/b08_mirya.tif -B aiki/b04_mirya.tif -C aiki/scl_mirya.tif --type=Float32 --NoDataValue=-9999 --co COMPRESS=DEFLATE --co TILED=YES --calc="where(isin(C,[0,3,8,9,10]),-9999,(A.astype(float)-B)/(A.astype(float)+B-2000))" --outfile=aiki/ndvi.tif

Dubu biyun da ke ƙasa su ne 1000 na kowane bandi. A sama sun kashe juna. Wannan umarnin akwati-akwati yake karantawa, shi ya sa ba ya cika RAM ko da hoton ya fi ta girma. In kuma kana da ranaku da yawa, rubuta umarnin a fayil guda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace rana da nata sakamakon. In kuran ya ɗauke a ta bakwai, daga ta bakwai za ka ci gaba.

Kafin ka buɗe a QGIS, gina masa ƙananan kwafi na kallo:

gdaladdo -r average aiki/ndvi.tif 2 4 8 16 32

Wannan layin kaɗai yana maganin yawancin sandarewar da ake kawo mini ƙara a kai.

7. Gine-gine da hanyoyi

Bar Shapefile, tsohon tsarin fayil ɗin taswira mai ƙarewa da .shp. Ba ya wuce giga 2, yana guntule sunan ginshiƙi zuwa harafi 10, kuma yakan mayar da ƙ da ɗ alamar tambaya. GeoPackage fayil guda ne, yana da fihirisar wuri a cikinsa, wadda ita ce ke sa kwamfuta ta nemo gidajen Birni ba tare da ta leƙa na Tanut ba.

Bayanan OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke zanawa kyauta, na Nijar duka suna shafin Geofabrik a fayil guda. Kada ka ja shi cikin QGIS, yanka tukuna:

ogr2ogr -f GPKG aiki/zinder_osm.gpkg danye/niger-latest.osm.pbf -spat 8.9 13.7 9.1 13.9

Gargaɗi: gabas ake fara rubutawa, sa'an nan arewa. In ka juya su, akwatinka ya faɗa can cikin arewacin Kamaru, fayil ɗin ya fito wayam.

Gine-ginen Open Buildings na Google suna zuwa a manyan teburorin CSV masu layi miliyoyi. Excel yana tsayawa a layi 1,048,576, saura ya bar su waje. DuckDB yana tace su ba tare da ya loda duka ba, ko a matse suke:

COPY (SELECT * FROM 'danye/gine.csv.gz' WHERE longitude BETWEEN 8.9 AND 9.1 AND latitude BETWEEN 13.7 AND 13.9 AND confidence > 0.7) TO 'aiki/gine_zinder.csv';

Inji ne ya zana waɗannan gine-gine daga hoto, ba mutum ba. Rufin kwano a sababbin unguwanni yana gane shi da sauƙi. Soron ƙasa na Birni da Zango launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, ga gidaje manne da juna, ga duwatsun nan namu da ke tsaye tsakanin gidaje. Zaɓi lungu uku ko huɗu da ka sani, ka ɗora zanen a kan hoto ka ƙirga da ido, kafin ka yanke ko 0.7 ɗin, wato gwargwadon tabbacin injin, ya dace ko a sassauta.

8. Taƙaita zuwa tebur

A akwatin kayan aikin QGIS nemi ƙididdigar yanki, wadda masu QGIS na Faransanci za su gani da sunan Statistiques de zone. Ba shi ndvi.tif da komin-komin, ka zaɓi matsakaici da adadin ɗigo. Adadin yana da amfani: ɗigo 100 hekta guda ce, don haka za ka ga ko gajimare ya cinye rabin wata komin, matsakaicinta kuma na rabin ne kawai.

Gargaɗi: in za ka haɗa da teburin yawan jama'a ko na amfanin gona, haɗa da lambar komin, kada ka haɗa da suna. Mirriah, Mirya da Miria wuri ɗaya ne a wajenka, wurare uku ne a wajen kwamfuta. Haka Kantché da Kance.

9. Je ka gani da ƙafarka

Tauraro kore kawai ya sani. Gonar hatsi da ta yi kyau da saurar da tafasa ta cike duk lamba mai girma za su ba shi. Gawo kuma, wanda ya cika gonakin Magarya da Matamai, sabanin sauran itatuwa yake: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Mai ƙirga gawo da hoton Agusta zai ce babu, hoton Disamba ko Janairu ake nema. Fadamu da bakin tafkuna irin na Gidimuni su ma suna kore da rani saboda lambu, kada a ɗauke su daji.

Zaɓi wurare talatin zuwa hamsin a warwatse, wasu inda lambar ta yi sama, wasu inda ta yi ƙasa. Zuba su a waya ta QField ko KoboCollect, dukansu suna aiki babu rezo. Fara da gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka, domin baƙo mai zagaya gona yana danna waya ba ya rasa mai zarginsa da auna fili. Tsaya a tsakiyar gona, aƙalla taku talatin daga iyaka, saboda GPS na waya yana kuskuren ƴan mitoci, ɗigon kuma mita 10 ne kacal. Rubuta abin da aka shuka, ka ɗauki hoto. Kuma ka je cikin mako guda ko biyu da ranar hoton, in ba haka ba gonar da ka gani ba ita tauraron ya gani ba.

10. Ajiya da miƙawa

Mayar da sakamakon ƙarshe COG don wanda za ka ba ya buɗe shi da sauƙi:

gdal_translate -of COG -co COMPRESS=DEFLATE aiki/ndvi.tif sakamako/ndvi_mirya_20240928.tif

Sa ranar hoton a sunan, shekara, wata, rana, don fayiloli su jeru da kansu. Kusa da shi ajiye ƙaramar takarda mai ɗauke da sunayen fallayen da ka yi amfani da su, lambar EPSG, ko ka cire 1000 ɗin, da dukkan umarnin da ka buga bi da bi. Kwafi danye, sakamako da wannan takarda zuwa disk na waje, ka ajiye shi a wani ɗaki dabam da na kwamfutar. Dosiyen aiki kuwa share shi in wuri ya ƙure, da takardar umarnin za ka sake gina shi cikin dare guda.